Halowin: Daren Dodanni ko Jajiberen Tsarkaka?

Karatu: Ibraniyawa 2:14-15, 12:1-2

  

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada a nan Maiduguri, wata dattijuwa daga zumuntar mata ta tare mu a ƙofar majami'a da waya a hannunta. Ta ce, "Malam, dubi abin da ɗana ya aiko mini daga Legas." Muka duba. Hoton jikanta ne, yaro ɗan shekara biyar. An sa masa baƙar riga mai zanen ƙasusuwan mutum, an shafa masa farin abu a fuska, yana riƙe da ɗan bokiti cike da alewa. Ta ce, "Wai Halowin suke yi a makarantarsu. Malam, wannan tsafi ne? Ko an sa mini jika cikin ƙungiyar asiri?" Muka ce mata, "Mama, ki kwantar da hankalinki. Bari mu fara sanin asalin abin, sa'an nan mu ga abin da Maganar Allah ta ce."

Ba ita kaɗai take da wannan tambaya ba. Kowace shekara idan ranar 31 ga Oktoba ta kusa, yaranmu suna ganin hotunan kabewa mai ido da haƙora, da fatalwa, da mayu, a talabijin da cikin waya. Domin haka yau za mu bi sawun wannan biki daga inda ya fito.

Abin da muka riga muka sani a gida

Kafin mu tafi ƙasar Turawa, bari mu duba kusa da mu. Duk wanda ya taɓa zama a Kano, ko Zariya, ko Katsina lokacin azumin maƙwabtanmu Musulmi ya san tashe. Idan azumi ya kai kwana goma, yara sukan fito da dare bayan an sha ruwa. Wani ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho mai gemu, ya ɗauki sanda yana tafiya a duƙe. Wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama mai magani. 'Yan mata kuma su kifa ƙwarya cikin ruwa suna kaɗawa. Suna bi gida gida suna wasa, masu gida suna dariya, suna ba su hatsi ko kuɗi. A birnin Kano akwai Nalako, sarkin gwagware, wanda yakan zagaya da jama'arsa suna tsokanar mazan da ba su da mata. Fatake Hausawa sun kai irin wannan wasa har Wagadugu a Burkina Faso tun ƙarni na 19. A can yara suna rufe fuska da ƙwarya mai siffar dabbobi, sunan wasan kuwa har yau Dodo.

Mu ma muna da namu. Ranar Kirsimeti yaranmu sukan sa sababbin kaya su bi gidajen 'yan'uwa da maƙwabta suna cewa barka da Kirsimeti, ana ba su shinkafa da nama da 'yan kuɗi.

Akwai kuma wani dodo wanda ba na wasa ba ne. Tsofaffinmu daga kudancin Kaduna da Filato suna tunawa da shi. Yakan yi kuka da dare da wata irin murya, a ce kakanni ne suka komo daga lahira, mata da yara su ɓuya cikin ɗaki. Mazan da aka shigar cikin asirin sun san mutum ne a ciki, amma duk wanda ya tona zai sha hukunci mai tsanani.

To, ku riƙe waɗannan biyu a zuciya: yaran da suke ɓad da kama suna bin gidaje neman kyauta, da dodon da ake cewa muryar matattu ne. Halowin yana da ɗan wannan, yana da ɗan wancan. Kamar igiya yake wadda aka tufka da zare uku. Bari mu warware su ɗaya ɗaya.

Zare na fari: ƙarshen kaka a ƙasar Ailan

Ailan tsibiri ne a yammacin Ingila. Sunan ba baƙo ba ne a Maiduguri. Babbar majami'ar Katolika ta garin nan tana ɗauke da sunan Patrick, mutumin da ya yi wa'azin bishara a Ailan a ƙarni na 5, kuma bishop na farko na Katolika a Maiduguri, Timothy Cotter, mutumin Ailan ne.

Kafin bishara ta kai can, mutanen Ailan da na Sikotlan manoma ne da makiyaya masu bin addinin kakanni, kamar yadda kakanninmu suke. Suna da wani biki a farkon watan Nuwamba wanda ake rubutawa Samhain, ana furtawa Sawin. Lokacin nan an gama girbi. Ana sauko da shanu daga makiyaya ta tuddai, a yanka waɗansu domin ajiyar nama, gama sanyi mai tsanani yana zuwa, rana ta gajarce, dare ya yi tsawo. Sukan hura manyan wuta a kan tuddai, a taru a ci a sha.

Sun kuma gaskata cewa a wannan dare ƙofar da take tsakanin duniyar mutane da ta iskokai tana buɗewa. Tatsuniyoyinsu, waɗanda Kiristocin ƙasar suka rubuta daga baya, cike suke da labarin abubuwan ban tsoro da suka faru a daren Sawin. Har ƙarnuka na baya bayan nan, a ƙauyukansu akwai masu ajiye abinci da kujera kusa da murhu domin matattun gida, akwai kuma 'yan mata masu yin duba da 'ya'yan itace domin su san wanda za su aura.

Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. A yawancin ƙabilunmu ma, dā ba a cin sabon hatsi sai an fara zuba wa kakanni nasu rabo. Manomi ko'ina yakan ji abu biyu a lokacin kaka, murna domin rumbu ya cika, da fargaba ko abincin zai kai wata shekara. Inda ba a san Allah mai rai ba, wannan fargaba takan kai mutum ga roƙon matattu.

Zare na biyu: ranar tunawa da tsarkaka

Sunan Halowin kansa daga ikilisiya ya fito. A tsohon Turanci ma'anarsa jajiberen Ranar Dukan Tsarkaka. Yadda 24 ga Disamba take jajiberen Kirsimeti, haka 31 ga Oktoba take jajiberen wannan rana ta 1 ga Nuwamba.

Ina asalin ranar? Tun zamanin tsanani na mulkin Romawa, masu bi suna tunawa da waɗanda aka kashe saboda sunan Yesu. Wajen shekara ta 155 aka kashe tsoho Polikab, shugaban ikilisiyar Samirna, garin da ake kira Izmir a Turkiyya yau, domin ya ƙi musun Ubangijinsa. Masu bi suka binne ƙasusuwansa, suka kuma ƙudura su riƙa taruwa kowace shekara a ranar mutuwarsa da farin ciki, suna ɗaukar ranar kamar ranar haihuwarsa. Da shahidai suka yi yawa har kwanakin shekara ba su isa a ba kowa tasa rana ba, sai aka keɓe rana ɗaya domin dukansu.

Wajen shekara ta 609, ranar 13 ga Mayu, Paparoma Boniface na Huɗu ya mai da wani babban ɗakin gumaka a birnin Roma ya zama majami'a, domin tunawa da Maryamu da dukan shahidai. Paparoma Gregory na Uku, wanda ya yi mulki daga 731 zuwa 741, ya keɓe wani ɗakin addu'a a majami'ar Bitrus ta Roma domin dukan tsarkaka. A shekara ta 835 sarki Louis ya ba da umarni a kiyaye 1 ga Nuwamba a dukan mulkinsa, wato inda Faransa da Jamus suke yau. Daga baya Odilo, shugaban gidan masu zuhudu na Cluny a Faransa, ya ƙara ranar 2 ga Nuwamba domin yi wa matattu addu'a. Har yanzu 'yan'uwanmu Katolika suna kiyaye waɗannan ranaku biyu, a Maiduguri da ko'ina.

A Ingila da Ailan, a waɗannan kwanaki matalauta da yara sukan bi gida gida, ana ba su ƙananan waina, su kuwa su yi alkawarin yi wa matattun gidan addu'a. A Sikotlan da Ailan yara da samari sukan ɓad da kama, su rera waƙa ko su yi wasa a ƙofar gida, a ba su 'ya'yan itace ko kuɗi. Ashe tashe ke nan irin nasu. Sukan kuma rarake wata saiwa mai kama da babban gwaza, su yanka mata ido da baki, su sa garwashi ko kyandir a ciki domin haska hanya.

Akwai wani abu kuma da ya faru a wannan jajibere wanda ya shafe mu ƙwarai. A ƙarni na 16 ana sayar wa mutane takardun gafara, ana ce musu kuɗinsu zai rage wa iyayensu da suka mutu azaba. A ranar 31 ga Oktoba, 1517, Martin Luther, malami a garin Wittenberg na Jamus, ya fito da batutuwa 95 yana ƙin wannan ciniki. Majami'ar fādar garin sunanta Majami'ar Dukan Tsarkaka, kuma kashegari ne jama'a suke cika ta. Daga nan gyaran ikilisiya ya tashi, da koyarwar cewa ceto ta wurin alheri ne, ta wurin bangaskiya, ba a sayensa da kuɗi. Shi ya sa ikilisiyoyin Luther, har da ta Nijeriya mai hedkwata a Numan, suke tunawa da 31 ga Oktoba a matsayin Ranar Gyaran Ikilisiya.

Zare na uku: kasuwa

Yaya biki na ƙauyukan Ailan ya cika duniya? Yunwa ce ta kai shi. A shekara ta 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, irin wanda ake nomawa a Bokkos da Mangu, wanda shi ne abincin talakawan Ailan. Cikin 'yan shekaru mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya kuma suka bar ƙasar, yawancinsu zuwa Amurka. Mu da muka ga gudun hijira mun sani, mai gudu yakan bar gona da rumbu, amma ba ya barin al'adarsa a baya. A Amurka suka sami kabewa, ta fi saiwar nan girma da sauƙin rarakewa. Haka kabewa ta zama alamar Halowin.

Da farko daren ya zama na ɓarnar samari. Suna cire ƙofofin shinge, suna fasa tagogi, suna tare hanya. Irin wannan matsala ce ta sa 'yan sanda suka hana tashe a Kano a shekara ta 2024, domin ɓata-gari suna fakewa da wasan yara suna ƙwace da sara. A Amurka da Kanada, iyaye da shugabannin gari suka nemi dabara, suka mai da daren ya zama na ƙananan yara. Yaro ya sa kayan ɓad da kama, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya faɗi wata 'yar magana mai nufin "a ba mu alewa ko mu yi tsiya." Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sukari ya wadata, wannan al'ada ta bazu ko'ina a ƙasar cikin shekarun 1950.

Daga nan 'yan kasuwa suka karɓe ta. Masu alewa, masu ɗinka kaya, da masu shirya fim suka ga riba. A 1978 aka fito da wani fim na kisa mai suna Halloween, wasu da yawa suka biyo bayansa, sai siffar bikin ta ƙara komawa ga jini da wuƙa da gawa. A shekara ta 2023 ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ta kiyasta cewa mutanen ƙasar za su kashe fiye da dala biliyan 12 a kan wannan biki. Fim da intanet ne suka kai shi ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Sawin ba. A ranar 29 ga Oktoba, 2022, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, matasa suka cika wani ƙaramin lungu domin shagalin Halowin, aka yi turmutsitsi, fiye da mutum 150 suka mutu. Wannan zare na uku ne ya iso Legas da Abuja, shi ne kuma ya shigo wayoyin yaranmu.

Me Maganar Allah ta ce?

Littafi Mai Tsarki bai ambaci Halowin ba, amma ya yi magana a kan kowane zare.

Game da matattu, Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana jama'ar Allah duba, da maita, da neman shawara wurin matattu. A 1 Sama'ila 28 sarki Saul ya ɓad da kama, ya tafi da dare wurin wata mace a Endor domin ta kira masa Sama'ila, bai kuwa komo da kome ba sai labarin hallakarsa. Saboda haka duk inda wasa ya kai ga kiran ruhohi ko duba, ko da an ce raha ce, mai bi ba shi da rabo a ciki.

Game da tsoro, karatunmu na yau ya nuna cewa Yesu ya ɗauki jiki da jini irin namu domin ta wurin mutuwarsa ya karya ikon Iblis, ya kuma 'yantar da mutanen da tsoron mutuwa ya bautar da su dukan kwanakinsu. Wannan ya shafi mai hura wutar Sawin, ya shafi matar da take ɓuya saboda kukan dodo, ya kuma shafi Mama da ta ga hoton jikanta jikinta ya yi sanyi. Riga mai zanen ƙashi ba ta da ikon ƙwace yaro daga hannun Almasihu. Kada mu ba wa kabewa da kyandir ikon da ba su da shi. Ranar 31 ga Oktoba ma Ubangiji ne ya yi ta, kamar sauran ranaku.

Amma Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa ba duk abin da aka halatta ne yake da amfani ba, ya kuma gargaɗi Filibiyawa su sa tunaninsu a kan abin da yake na gaskiya, mai tsabta, abin ƙauna. A nan ne ya kamata mu mutanen Borno mu yi tunani sosai. Mutumin da bai taɓa ganin gawa a kan titi ba yana iya shafa jan fenti a riga ya yi dariya. Mu mun gani. Mun ga 18 ga Fabrairu, 2006, ranar da aka ƙone majami'u a garin nan aka kashe masu bi, har da Fada Michael Gajere. Mun ga Yulin 2009. Mun ga Afrilun 2014 da aka kwashe 'yan mata 276 daga Chibok, da Oktoban shekarar da Mubi da hedkwatar EYN a Kwarhi suka faɗa hannun 'yan bindiga. A gidaje da yawa akwai yaran da har yanzu sukan farka da kuka idan ƙofa ta buga da ƙarfi. Ƙauna ba za ta bar mu mu sa fuskar gawa mu tsorata irin waɗannan yara domin dariya ba.

Game da tunawa da tsarkaka kuwa, nan ne muka yi sakaci. Mu a ikilisiyoyin bishara ba ma roƙon matattu, ba ma kuwa yi musu addu'a, gama waɗanda suka yi barci cikin Almasihu suna tare da shi. Amma Ibraniyawa 11 jerin sunayen mutanen bangaskiya ne, sura ta 12 ta kwatanta su da taron shaidu da suka kewaye mu, 13:7 kuma ta umarce mu mu tuna da shugabannin da suka faɗa mana Maganar Allah, mu yi koyi da bangaskiyarsu. Yaranmu sun san sunayen dodannin fim. Sun san Stover Kulp da Albert Helser, waɗanda suka fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923? Sun san Rabaran Lawan Andimi na Michika, wanda aka kashe a Janairun 2020, wanda ya yi maganar dogara ga Allah yana hannun waɗanda suka kama shi? Sun san sunan mutum na farko da ya karɓi baftisma a ƙauyenku?

Me za mu yi a gidajenmu?

Na ɗaya, idan yaro ya tambaya, kada mu kore shi da tsawa. Mu zauna mu ba shi labarin zare ukun nan. Abin da aka bayyana wa yaro a gida ba ya ruɗinsa a waje.

Na biyu, idan makaranta ta ce yara su zo da shigar Halowin, iyaye suna da iko su je da ladabi su ce ɗansu ba zai yi shigar gawa ko maye ba. Kada kuma mu yanke wa ɗan'uwa hukunci idan ya bar ɗansa ya yi shigar likita ko manomi ya karɓi alewa. Romawa 14 ta koya mana kada mu raina juna a kan kiyaye ranaku, kowa dai ya tabbata a zuciyarsa a gaban Ubangiji.

Na uku, mu riƙe abin da yake mai kyau. Yaro ya ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe masa da fara'a, wannan abu ne mai kyau, ko a tashe, ko a Kirsimeti. Idan yaran maƙwabta suka zo ƙofarmu, kada su koma hannu wofi. Lokacin godiyar kaka kuma, sa'ad da muke kai dawa da gyada da wake gaban bagade, mu tuna da gwauraye da marayu da waɗanda har yanzu ba su koma gonakinsu ba.

Na huɗu, mu mai da jajiberen ga ma'anar sunansa. A daren 31 ga Oktoba, bayan an ci tuwo, a kashe talabijin. Baba ko kaka ya kira yara, a karanta Ibraniyawa 11 da Hausa ko da harshen gida, ko Bura, ko Margi, ko Kibaku, ko Kamwe, ko Glavda. Sa'an nan a faɗi sunayen namu waɗanda suka riga mu, yadda suka karɓi bishara, abin da suka jimre, da yadda suka gama. Idan hawaye ya zo, a bar shi ya zo. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, ya dai ce kada nasu ya zama irin na marasa bege.

Wannan ce shawarar da muka ba Mama. Muka ce ta kira ɗanta, kada ta yi masa faɗa, ta roƙe shi ya ba jikan waya, ta ba yaron labarin kakansa wanda ya yi shekaru yana tafiya da ƙafa zuwa ƙauyuka yana wa'azi. Ta ce, "Malam, yaron ko sunan kakansa na yare bai sani ba." Muka ce, "To, Mama, daga nan za ki fara."

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Yesu Almasihu wanda ya mutu ya kuma tashi, ya 'yantar da mu daga tsoron mutuwa. Mun gode domin bayinka da suka riga mu, waɗanda suka riƙe bangaskiya har ƙarshe. Ka ta'azantar da gidajen da suke makoki. Ka warkar da zukatan yaranmu da suka ga abin tsoro. Ka ba iyaye hikimar koyar da su, ka sa gidajenmu su zama wurin haske da alheri ga maƙwabtanmu duka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.